Sharhi kan ofishin wani dillalin gidaje a Rijiyar Zaki

Ga mai son fara sayen tsohon gida ya gyara ya sayar, wannan ofishi ya cancanci a gwada shi, domin dillalin ba ya gaggawar karɓar la'ada kafin a tantance takardu. Da ya nuna mini wani gida a Ɗorayi, sai da ya sa aka duba takardar mallaka a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Jihar Kano, kuma da yake gidan gado ne, ya dage cewa sai dukan magada sun sa hannu a gaban mai unguwa. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, saboda rigimar gado tana iya riƙe jarin mutum shekaru a kotu.

Maginin da dillalin ya haɗa ni da shi ya ƙwanƙwasa bango, ya nuna mini inda danshin damina ya ci filasta ƙarƙashin sabon fenti, ya ce kwanon rufi sai an sauya.

Inda suka gaza shi ne lissafin gyara, wanda bai yi daidai da farashin siminti da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ba. Sabon shiga ya je ya tambayi farashi da kansa kafin ya biya kafin alƙalami.