Kafin ka sayi na'urar "maganin mantuwa" a intanet

Masu sayen na'urorin nan da ake ɗaurawa a kai galibi 'ya'ya ne da suka ga tsohonsu ya fara ɓata hanyar gida. Kafin kuɗi su fita, a san abu guda: sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe taswirar wurare, wato hifokamfas, a can ciki yake sosai, ba kusa da fata ba.

Mai arha a cikinsu ita ce tDCS ta gida. Soso biyu ne jiƙe da ruwan gishiri, da ake ɗaurawa a kai, a saki lantarki ɗan kaɗan, miliamfa 1 zuwa 2, na kamar minti 20. Mafi yawan lantarkin a fata da ƙoƙon kai yake ƙarewa. Masu talla kan fake da binciken Jami'ar Boston na 2022, inda mutum 150 masu shekara 65 zuwa 88 suka sha lantarki a kai na minti 20 kullum har kwana huɗu, tunawarsu ta ƙaru har wata guda. Gaskiya ne. Sai dai wani salon lantarki ne daban, a hannun masana, kuma kalmomi aka gwada su tuna, ba hanya ba. Mai farfaɗiya kuwa kada ma ya taɓa tDCS.

Wata na'urar kuma, TMS, da maganaɗisu take aiki, a asibiti ake yi, ga tsada. Amurka ta amince da ita a 2008 don ciwon damuwa, ba mantuwa ba.

Dasa wayar lantarki cikin ƙwaƙwalwa shi ne ke kaiwa wurin hifokamfas. A 2012 masana a jami'ar UCLA ta Amurka sun gwada masu farfaɗiya bakwai da wasan tuƙin tasi a kwamfuta, suka ga sun fi saurin gane hanya idan an saki lantarki ta wayar. A 2016 aka sake da mutum 49 ƙarƙashin masanan Jami'ar Columbia, sai aka ga akasin haka, tunawar ta ragu. Tiyata ce, kuma har masu binciken ba su daidaita ba.

Manhajojin wasan ƙwaƙwalwa? Kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 a 2016 kan tallan da ya wuce hujja.

Da kuɗina ne, likita zan fara ba, ya duba hawan jini, suga, bitamin B12 da jin kunne, don kowannensu na iya jawo mantuwa. Sauran canjin in sayi takalmi: a wani bincike na 2011 kan tsofaffi 120 a Amurka, waɗanda suka riƙa tafiyar ƙafa ta minti 40 sau uku a mako, hifokamfas ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari a shekara guda.