Damina guda da tarkon tsutsar masara a gonata

Na sayi tarkunan a Zariya saura kwana goma in yi shuka, bayan na shafe damina biyu ina zuba wa masara magani ba tare da na san ko ranar da na yi feshin ita ce ranar da ta dace ba. Gonata tana wajen Giwa: kadada biyu ta masara, sai ɗan fegi a bakin fadama inda nake sa tumatir da tattasai. Na ɗauko tarkon bokiti biyu na tsutsar masara, tarko biyu masu kusurwa uku na tumatir, da katunan gam masu ruwan ɗorawa guda ashirin. Duka kuɗinsu bai kai na buhun taki ɗaya ba.

Tarkon bokitin roba ne mai hawa uku: murfi kore, mazurari rawaya, farin bokiti a ƙasa. Ƙarƙashin murfin akwai ɗan keji da ake saka wata 'yar roba kamar murfin kwalbar allura. Wannan 'yar robar ita ce gaba ɗaya aikin, domin an jiƙa ta da sinadarin da ke kwaikwayon ƙamshin da macen ƙwaron da ke haifar tsutsar take saki da dare don kiran namiji. Namiji ya biyo ƙamshi, ya yi ta kewaya murfin, ya zame cikin mazurari, ya kasa fita. Mai shagon ya ce mini tarkon zai ƙarar da tsutsar gonata. Ba haka ba ne, kuma da na tafi da maganarsa da na yi asara. Malamin gona na yankinmu ne ya gyara mini tun kafin in kafa. Ya ce, "Alhaji, maza kaɗai yake kamawa, matan suna nan suna ƙwai. Ɗauke shi a matsayin mai gadi. Aikinsa ya tashe ka, kai kuma ka shiga gona ka duba."

Na kafa su a kan gora, tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, tun masara ba ta tsiro ba. Ba a taɓa robar da hannu tsirara, da leda na ɗauka. Kowace Litinin bayan sallar asuba ni da babban ɗana muna juye bokitin a kan buhu, mu ƙirga, ya rubuta a littafin makaranta. Mako na farko biyu muka samu. Na biyu, uku. A mako na uku, masara tana da ganye biyar zuwa shida, muka juye bokiti ɗaya muka ƙirga ashirin da bakwai.

A nan ne na fara ganin amfanin abin, domin daga bakin hanya gonar kore shar take, babu abin da zai sa mutum ya tsaya. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aikin ido ya sha yaudarata. Malamin ya koya mini tafiya cikin gona a karkace, kamar harafin W, in tsaya a wuri biyar, kowane wuri in duba masara goma a jere, hamsin ke nan. Ranar na durƙusa na juya ganye, na ga ƙwai a dunƙule, lulluɓe da wani abu kamar auduga mai toka-toka, faɗinsa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Dunƙule ɗaya yana ɗauke da ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu, kuma cikin kwana biyu ko uku suke ƙyanƙyashewa. A wasu ganyen kuma na ga ƙananan tabo farare, inda jariran tsutsa suka kankare koren suka bar fata siririya da haske ke ratsawa. Masara shida cikin hamsin ne suka nuna alamar. Ƙa'idar da malamin ya ba ni ita ce, idan masara tana ƙarama, a jira sai goma cikin hamsin. Idan ta girma ta kusa fitar da kai, sai ashirin. Na murƙushe ƙwan da na gani da yatsa, na koma gida. Bayan kwana huɗu na sake zagayawa, suka kai goma sha biyu. Da yammacin ranar na yi feshi da maganin da ke ɗauke da emamectin benzoate, na karkata bakin famfon cikin mazurarin ganye, inda tsutsar ke ɓuya da rana.

Dalilin da ya sa kwanakin nan suke da muhimmanci shi ne tsutsar tana mutuwa da sauƙi ne kawai tana ƙarama. Cikin kusan mako biyu take gama girma. Idan ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu, da alama kamar harafin Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya, to ta nutse cikin zuciyar masara, ta toshe ƙofa da kashinta mai kama da dusar katako, magani ba ya isa gare ta sosai. Shekarun baya sai na ga wannan dusar nake sayen magani. Wato kullum a makare nake zuwa. Kuma ba laifin manomanmu ba ne gaba ɗaya, baƙuwa ce: daga nahiyar Amurka ta fito, a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, a gonakin masara har da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Iyayenmu ba su bar mana ilimin ta ba.

A daminar da na kafa tarkon sau biyu na yi feshi. Wadda ta gabace ta sau biyar na yi, kuma masarar daminar tarkon ta fi waccan tsabtar ganye da cikar goyo. Maƙwabcina, dattijo ne da nake kira Kawu, duk Asabar yake feshi ko da tsutsa ko babu. Wata rana ya same mu muna ƙirga, ya tsaya ya ce, "Ɗana, ka bar gona ba magani kana lissafin malam-buɗe-littafi?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, zo mu duba hamsin a taka, mu duba hamsin a tawa." Muka duba, tasa huɗu, tawa biyar. Bai ce komai ba, amma Litinin ta gaba tare muka juye bokitin.

Sai dai kada kowa ya yi feshi don bokiti ya cika. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, na samu sama da arba'in a mako guda, na shiga gona na tarar da masara biyu kacal da sabuwar ɓarna. Ruwa mai ƙarfi yana wanke ƙwai da jariran tsutsa. Da na bi lissafin tarko shi kaɗai, da na zubar da kuɗi a banza. Haka kuma ba duk abin da ya faɗa bokitin ne wanda ake nema ba. Namijin gaskiya yana da fukafukin sama masu ruwan toka da ƙasa-ƙasa, da farin tabo a ƙarshe, na ƙasa kuma farare masu baƙin baki. Wasu ƙwarin dare masu kama da shi suna shiga, kuma idan suka kwana biyu cikin danshi launinsu ya goge, rarrabewa sai an sha wuya.

Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne canjin roba. Ƙamshin yana ƙarewa, ana so a sauya kusan duk mako huɗu. Da na koma shagon farko babu, sai na saya a wani shago inda na ga an jera su a akwatin gilashi, rana tana dukansa daga hantsi zuwa la'asar. Ban san zafi yana kashe su ba. Mako uku bokitin yana wayam, na saki jiki, har na tsallake zagaye biyu. Da na shiga ɓangaren gabas na gonar, inda na yi shuka a makare, na tarar da ganye a yayyage kamar an bi su da almakashi, dusa cike da mazurari. Wajen kunya talatin na rasa amfaninsu yadda ya kamata. Takardar da ke jikin ledar ta ce a ajiye a wuri mai sanyi, amma da Turanci ne, da ƙananan haruffa, kuma mai shagon kansa bai karanta ba. Kayan da ake kawo wa manoman Giwa da Funtuwa da Saminaka ya kamata a ce akwai bayaninsa da Hausa, ko da layi huɗu ne. Yanzu nawa suna cikin gwangwani a firjin wani mai sayar da ƙanƙara a unguwarmu.

A ɓangaren tumatir, tarkon mai kusurwa uku na ƙwaron da ake kira sharon ne, wanda ya cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Uwar ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, tsutsarta kuma tsakanin fatar ganye biyu take shiga ta yi ta ci. Idan ka ɗaga ganyen ka saita shi da rana, za ka hango ta a ciki da baƙin kashinta a gefe. Da damina kaɗan na kama, domin lokacinta na gaske zafin bazara ne, don haka ba zan yanke wa wannan tarkon hukunci ba sai na gwada shi a noman rani. Abin da na lura shi ne gam ɗin da ke ƙasansa ba ya jure feshin ruwa da ƙasa. Da ya lalace, malamin ya nuna mini in cika roba mai faɗi da ruwa, in ɗiga sabulu, in rataye 'yar robar ƙamshin a sama da waya. Ya kama daidai da na kanti.

Katunan gam su ne ban ji daɗinsu ba. Cikin kwana biyar sun cika da ƙura da ƙudaje, har da ƙwarin da ke taimakon gona. Abu ɗaya suka yi mini: sun nuna farin ƙuda yana taruwa ta gefen da ke kusa da kuɓewar maƙwabta, kuma shi ne ke yaɗa ciwon da ke nannaɗe ganyen tumatir ya tsumbure shi. Wannan ciwon ba shi da magani, sai na tumɓuke guda bakwai da suka kamu na binne su nesa.

Cuta kuwa, tarko ba ya ganinta ko kaɗan. Tabo mai zobe-zobe da ke farawa daga ganyen ƙasa a tsakiyar damina, da ƙafata na gano shi. Haka wata safiya na tarar da tumatir uku sun yi yaushi alhali ganyensu kore ne kuma ƙasa a jiƙe take. Na yanke karan ɗaya kusa da tushe, na tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau, na riƙe ban motsa ba. Bayan 'yan mintuna wani farin zare kamar madara ya fara saukowa daga karan. Malamin ya ce ƙwayar cutar bakteriya ce da ke zaune cikin ƙasa, feshi ba ya yi mata komai, kuma kada in maimaita tumatir ko tattasai ko yalo a wurin na wasu shekaru.

Bana mu huɗu ne muka haɗa kuɗi, har da Kawu. Bokitan bara suna nan lafiya, robar ƙamshi kawai za mu saya, ta damina gaba ɗaya a lokaci guda, daga wurin wanda zai buɗe firji a gabanmu ya nuna mana kwanan watan da ke jikin leda. Katunan gam biyar kawai zan sa, a gefen kuɓewa. Fegin bakin fadama kuma masara zan shuka a ciki, tumatir ya koma tudu.