Garin ORS na kemis: yana aiki, amma ba ruwan shan kullum ba ne ga tsoho

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke tsananta, masu jinyar tsofaffi kan shiga kemis a Wuse ko Garki su sayo garin ORS, wanda aka fi sani da ruwan gishiri da sukari. Ga tsohon da ke gudawa ko amai, babu abu mai araha da ya kai shi amfani.

Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi giram 20.5 ne a leda guda: gulukos 13.5, gishiri 2.6, sai fotasiyam da sitret. Gulukos ɗin ba don zaƙi aka sa shi ba, shi ke taimaka wa hanji ya tsotse gishirin, ruwa kuma ya bi bayansa. Fotasiyam ɗin nan ne ya sa ya fi haɗin gida na cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri.

Inda ake yawan ɓata shi wurin awon ruwa ne. Leda ta lita 1 tana buƙatar fiya wata biyu masu santilita 50, ba kofi ɗaya ba. In ruwan ya yi kaɗan haɗin zai yi ƙarfi, ya janyo ruwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. A karanta bayan ledar, domin akwai kamfanonin da ke yin ƙanana na ruwa kaɗan, rubutun kuma ƙanana ne ƙwarai, wannan aibu ne babba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Garin da ya dunƙule ya sha danshi, a bar musu kayansu. Abin da ya kai awa 24 da haɗawa a zubar.

Ɗanɗanonsa kam ba daɗi. Mai ƙanshin lemo ya fi shiga, sanyi ma yana taimakawa, amma kada a ƙara sukari ko lemon kwalba. A zaunar da Baba ko Inna tsaye sosai, a riƙa ba da kurɓi kurɓi ko da cokali. In an yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yana ƙwarewa ko tari in ya sha ruwa, sai likita ya duba haɗiyarsa tukuna, don ruwa na iya zarcewa huhu.

Mai ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko ciwon suga, da mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a tambayi likita kafin a ba shi. Tsohon da ƙishi kawai ya daina damunsa, ko yake gudun ruwa saboda yawan fitsari da sake alwala, ruwa zalla yake buƙata: kofi bayan kowace salla, da kunu, romo ko kankana tsakani.

Jawo fatar hannu don gane ko ruwan jiki ya ragu ba abin dogaro ba ne a jikin tsoho. In fitsari ya yi duhu ya ragu, harshe ya bushe, ko aka ga ruɗewa da yawan barci, ORS ya gaza, a wuce asibiti a ƙara masa ruwa.