Tsohon Nintendo NES: a goge kaset ko a sauya bakin na'urar?

In jar fitilar NES, tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, tana kyaftawa, allo ya ƙi kawo hoto, galibi kaset ne bai haɗu da haƙoran ƙarfe 72 na bakin na'urar, inda ake zura kaset, ba. Danshin Legas kuwa yana sa ƙarfen nan tsatsa da wuri.

Gogewa ta fi araha: auduga da ɗan sinadarin isopropyl, a goge ƙarfen kaset, a bari ya bushe. Don Allah a daina hura masa iska da baki, yawu ƙara tsatsa yake.

Sauya bakin kuma sai an kwance na'urar, sai an kai wa mai gyara a kasuwar Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba. Sabbin bakunan sukan matse kaset fiye da kima. Ni dai gogewa nake fara yi, sai ta gaza nake neman mai gyara.