He-Man na Origins: tsohuwar siffa da sababbin gaɓoɓi

A shekarar 2020 kamfanin Mattel na Amurka ya sake fito da mutum-mutumin roba na He-Man, jarumin nan na kayan wasan yara da shirin zane na talabijin, a jerin da ya kira Masters of the Universe Origins, kuma wanda ke kan teburina yanzu wani ɗan'uwa ne ya zo mini da shi tsaraba. Duk wanda ya san na asali, wato na 1982, zai gane shi tun daga nesa: tsayinsa inci 5.5 ne kamar na da, ƙirji faffaɗa, ƙafafu gajeru, ga gatari da garkuwa, ga kuma ɗan littafin labari mai zane a cikin kwalin, kamar yadda aka saba sakawa a wancan zamani.

Bambancin yana cikin gaɓoɓi. Na 1982 wurare 6 kawai yake motsawa, ƙafafunsa kuwa da zaren roba aka ɗaure su ta ciki, shi ya sa tsofaffin da suka rage a hannun mutane sukan saki jiki har su kasa tsayuwa. Wannan sabon yana da wuraren motsi 16, gwiwa da gwiwar hannu duk suna lanƙwasuwa, kuma ana iya cire kai ko hannu a sauya da na wani. Da na durƙusar da shi a kan gwiwa ɗaya, gatari a ɗage, ya tsaya cak ba tare da na jingina shi da komai ba. Abin da aka rasa shi ne ƙugun nan da ake murɗawa a saki ya kai naushi da kansa, wanda shi ne rabin daɗin wasan ga yaro.

A nan ne masu tara irin waɗannan kaya suka rabu. Wasu na ganin fuskar farko da aka yi wa He-Man na Origins ta yi laushi, ba ta da ɗaurewar fuskar na da, kuma daga baya an fitar da wani mai kai irin na asali. Wasu kuma sun fi son jerin Masterverse da Mattel ya fitar a 2021, mai inci 7 da gaɓoɓi kusan 30. Ni dai na fi karkata ga Origins, domin Masterverse, duk da kyawun ƙirarsa, kayan ajiya ne a kabad, wannan kuwa yana jure hannu.

Inda nake da ja shi ne salon tallarsa. A da yara ake nema, kuma shirin zane na He-Man na talabijin da kamfanin Filmation ya fara a 1983, mai kashi 130, shi ne babbar tallar. Yanzu iyayensu ake nema, shi ya sa aka kwaikwayi jan kwalin nan mai duwatsu suna tarwatsewa, don babba ya gani ya tuna ƙuruciya ya zaro kuɗi. Da farko ma a shagunan Walmart kaɗai aka sayar da shi a Amurka kan kusan dala 15, abin da ya bai wa 'yan kayi-nayi damar kwashewa su tsawwala farashi a intanet. Ga mai son wasa da shi ko jera shi, ya ci kuɗinsa a farashin shago, amma ban ga dalilin biyan ninki biyu ba, balle a bar shi a rufe cikin kwali.