AlmaLinux: kyauta ce, amma ba kayan sata ba ce

Sana'ata ita ce kula da sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da bayanan makarantu da ƙananan kamfanoni. Babbar manhajar da nake ɗora wa kusan dukkansu yanzu ita ce AlmaLinux. Da zarar mai aiki ya ji cewa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Red Hat Enterprise Linux (RHEL) ta kamfanin Red Hat, wadda ake biya wa dala duk shekara, alhali ita ko sisi ba a biya, sai jikinsa ya yi sanyi. Wani dattijo mai makaranta ya taɓa ce mini, "Injiniya, don Allah kar ka sa mini kayan sata, ina tsoron haƙƙi." Ban ga laifinsa ba. A kasuwanninmu, in ka ga manhaja mai tsada a kyauta, to fasa ta aka yi.

Wannan ba haka take ba. Linux kansa da manhajoji da yawa da ke cikin RHEL suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ce duk wanda ka ba manhajar, yana da haƙƙin samun tushen rubutunta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Red Hat ma da wannan sharaɗin ta karɓi aikin dubban mutane. Abin da yake nata ita kaɗai shi ne sunanta da tambarin jar hula. Cire su, ka sake gina sauran, ba ka taɓa haƙƙin kowa ba. Haka CentOS, wani kwafin RHEL na kyauta, ta yi tun 2004, har Red Hat ta rungume ta a 2014.

IBM ta sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, da aka yi wa alƙawarin tallafi har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. A wannan giɓin ne kamfanin CloudLinux ya fito da AlmaLinux a Maris 2021 ya miƙa ta ga wata gidauniya marar neman riba, shi kuma Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya fito da Rocky Linux.

Inda maganar doka ta yi zafi shi ne Yunin 2023, lokacin da Red Hat ta daina zuba tushen RHEL a fili. Ta ce jama'a su ɗauka daga CentOS Stream, wato reshen da ake shirya RHEL mai zuwa a cikinsa, masu biyan kuɗi kuma su samu ta shafin abokan ciniki. To amma yarjejeniyar ciniki ta ba ta damar yanke hulɗa da wanda ya raba abin da ya karɓa. Kamar mai shago ne ya ce maka, kayan da ka saya naka ne, ka ba wanda kake so, amma in ka bayar kar in ƙara ganin ƙafarka a nan. GPL ta hana a ɗora wa mai karɓa ƙarin sharuɗɗa, sai dai ba ta tilasta wa kowa ya ci gaba da sayar maka ba. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta soki tsarin sosai, tana ganin ya saɓa wa manufar lasisin. Ni ma abin bai yi mini daɗi ba, ko da yake na san injiniyoyin Red Hat albashi suke ci, kuma aikin da suke yi wa Linux ba kaɗan ba ne.

Nan hanya ta rabu, kuma nan ne AlmaLinux ta burge ni. Rocky ta ce za ta ci gaba da kwafi sak, tana samo tushen ta hanyoyin da take ganin lasisi ya halatta, irin su hayar RHEL a sabar gajimare. A Agusta 2023 kuma kamfanonin CIQ (mai ɗaukar nauyin Rocky) da Oracle da SUSE suka kafa OpenELA, ƙungiyar da ke raba tushen da ya dace da RHEL a fili. AlmaLinux ta ce a'a, ta haƙura da kwafi sak. Za ta gina daga tushen da ke fili, ta tabbatar cewa manhajar da ta yi aiki a RHEL za ta yi aiki a kanta. Ba na cewa Rocky ta yi laifi. Amma in zan sa hannu a takardar wani cewa wannan sabar za ta kai shi 2032, kamar yadda aka tsara wa AlmaLinux 9, na fi son wadda ba ta jiran wata ƙofa da ake iya rufewa gobe.

A aiki fa? Shiru kake ji, kuma shi ake nema. Da CentOS 7 ta zo ƙarshe a 30 ga Yunin 2024, da ELevate, manhajar ƙaura ta AlmaLinux, na kwashe tsofaffin sabar. Kafin ta taɓa komai sai ta fitar maka da rahoto, layi bayan layi a baƙin allo, tana nuna abin da zai hana ƙaura. Ka gyara su, ka ajiye kwafin bayananka, sannan ka sake kunna injin kana kallon rubutu yana gudu har ya tsaya a wurin shigar da suna. Facin tsaro yana zuwa da wuri, cPanel, manhajar kula da shafukan intanet, ma yana tafiya a kai lafiya.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. RHEL 10 ba ta hawa tsofaffin injuna, sai masu sabon samfurin furosesa da ake kira x86-64-v3. AlmaLinux 10 ta fitar da wani nau'i na v2, mai hawa tsofaffin injunan. Ga mu da yawancin injunanmu 'yan kwatano ne, wannan kuɗi ne ya zauna a aljihu. Manyan cibiyoyin binciken kimiyya na CERN da Fermilab ma AlmaLinux suka zaɓa a ƙarshen 2022.

Abin da ba za ka samu ba shi ne wanda za ka ɗaga wa waya da tsakar dare ka ce ya zo dole, sai dai ka sayi tallafi daban daga wani kamfani. Wasu manhajojin masu tsada kuma, masu su ba sa saurarenka sai a kan RHEL kake. Banki ko asibitin da ke cikin wannan hali, ina ce musu su biya Red Hat. Mai son koyo ya yi rajistar masu haɓaka manhaja ta Red Hat, wadda ke ba mutum ɗaya injuna har 16 kyauta. Sauran masu ba ni aiki, har da dattijon nan, AlmaLinux 9 na sa musu.