Gargaɗi kan wani mai gyaran kwamfuta da ke bin kasuwannin ƙauye

Jama'ar Ringim, Taura da kewaye, ku yi hattara da wani mutum da ke kafa tebur ranar kasuwa da sunan gyaran waya da kwamfuta. Naira 35,000 ya karɓa a hannuna, sannan ya tafi da lafiyayyen faifan ajiyar ƙaramar kwamfutata, wanda ke ɗauke da sunayen manoman ƙungiyarmu da lissafin takin da kowa ya karɓa bashi.

Matsalar kwamfutar mai zuwa ce tana tafiya. Wata rana ta tashi lafiya, wata rana allo ya nuna cewa ba ta ga faifan ba, musamman idan na goyo ta a babur ta hanyar burji, kuma sau da yawa idan na danna ƙasanta da tafin hannu sai ta dawo. Faifan da ke mutuwa yakan yi ƙara ƙas-ƙas, aiki ya yi nauyi, fayiloli su ƙi buɗewa, nawa kuwa bai taɓa yin ko ɗaya ba. Duk wannan na faɗa masa, domin ni ba baƙon kwamfuta ba ne, ni nake buga wa mutanen garinmu takardu.

Ya kara ta a kunnensa, ya girgiza kai, ya ce: "Malam, faifan nan ya gama yawo, amma ina da sabo dal a leda." A gabana ya yage ledar. Wannan yagewar ce take ta dawo mini a rai, domin wa zai ga an yage leda a gabansa, ana rantsuwa da Allah, ya yi zaton tsohon kaya ne a ciki? Tun kafin nan ma ya riga ya kwance murfin, ya ce zai riƙe tsohon ya kwashe mini bayanan kyauta zuwa kasuwa mai zuwa. Da farko 40,000 ya nema, ya ce ya rage mini 5,000 saboda ni malami ne, na ƙirga masa 35,000, kuɗin da na ware wa aikin gona.

Da matsalar ta dawo yadda take, sai wani ɗalibi da ke karatu a Dutse ya sa mata manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke karanta bayanan da faifai ke ajiyewa game da lafiyar kansa. Sabon faifan nan ya yi aiki sama da awa 19,000, alhali shekara guda cur awa 8,760 ce, ga kuma alamar gargaɗi ruwan ɗorawa saboda sassan da suka lalace a jikinsa. Da ɗalibin ya buɗe murfin sai ya tarar mahaɗin SATA, wato wurin da faifan ke jonuwa da kwamfutar, shi ne ya saki, kuma biyu daga cikin kusoshin da ke riƙe faifan ba sa nan. Ya matse shi, ya ɗaure, faifan ya daina ɓace wa kwamfutar. Ke nan faifaina lafiyarsa ƙalau, na biya 35,000 aka ba ni gwanjo.

Hoton allon da ke nuna awannin yana hannuna, da hoton takardar jikin faifan, zan saka su da zarar an samu sabis mai ƙarfi. Kada ku bar tsohon faifanku a hannun kowa, kuma a duba awannin sabon a gabanku kafin kuɗi ya fita. Wayarsa a kashe take tun ranar, wurin teburinsa kuma yanzu wani mai rake ne a zaune.